Kilishin da Muka Shanya Kusa da Maƙabarta

Tun da na dawo daga Misira abokai suka hana ni sakat. In na zauna a rumfa ina yanka, sai wani ya tsaya a kaina ya ce in ba shi labarin dalar Fir'auna, wani ya ce wai da gaske ne kogin Nilu ya fi tafkin bayan gari sau ɗari. Ni kuwa dala daga tagar mota na hango ta, kogi kuma ta kan gada na tsallake shi ina riƙe da hulata. Abin da ya kai ni daban ne, kuma na gaji da faɗarsa gutsure-gutsure. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai ya sayi nama tukuna.

Sunana Garba, kilishi nake yi a Tasawa, shi na taras ubana yana yi. Ƙanena Habu shi ne autanmu. Yana ƙarami mahaifinmu ya rasu, a hannuna ya tashi, kuma da ya nuna kansa na karatu ne ban tsare shi a gindin wuƙa ba. Allah ya ba shi sa'a aka tura shi Alƙahira karatun addini. Bayan babbar salla sai ga wani ɗan kasuwar Maraɗi ya kawo mini kaset daga wurinsa. Muka taru muka kunna. Bayan doguwar gaisuwa har da tambayar lafiyar tsohon jakinmu, sai murya ta yi ƙasa. Ya ga yarinya, sunanta Na'ima, 'yar wani manomi a ƙauye bayan Giza. Tana sonsa, amma ubanta ya ce ba ya ba da 'ya ga mutumin da bai ga kowa nasa ba. In har yana da gida, to babban gidan ya zo a gan shi. Babban gidan kuwa ni ne, mutumin da bai taɓa wuce Kano ba.

Na ɗaure kayana: riguna, wuƙaƙena a cikin tsumma, ƙullin kayan yaji, da kilishi mafi kyau da na taɓa yi, cikin kwali babba, don surukai su san daga inda muka fito. Wannan kwalin shi ya sha wahalar hanya fiye da ni. Ƙamshinsa ba ya ɓoyuwa. Daga Maraɗi zuwa Jibiya, duk shingen da muka tsaya sai mai kaki ya leƙo, ya ja hanci, ya ce, "Wane ne mutumin Tasawa a nan?" Ba wanda ya ƙwace mini komai, gaskiya, amma in mutum ya yabi aikinka har ya ambaci garinku, hannunka da kansa yake shiga kwali. Direba ma da ya ga kilishi yana buɗe shinge fiye da takarda, sai ya riƙa nuna ni tun kafin a tambaya. Na so in gaya masa magana, na tuna a motarsa nake.

A Kano na kwana a zauren wani mahauci ɗan garinmu, shi ya raka ni filin jirgi. Nan aka raba ni da wuƙaƙena, aka ce su a cikin cikin jirgi za su yi tafiya. Na yi gardama har mutane suka taru, sai wata hajiya ta ce mini in kwantar da hankali, ba wanda zai yanka sa a sama. Da jirgi ya tashi na karanta duk abin da na haddace, har da wanda ban tabbata addu'a ba ne. Aka kawo abinci a ɗan faranti, da nama wanda ko ɗan koyona ba zai yanka haka ba. Na ci don yunwa.

Habu ya tarye ni cikin doguwar riga da ɗan jan dara da rawani, ya yi fari, ya yi ƙiba kaɗan. Na ce masa, "Malam Habu, ashe karatu yana sa kumatu." Ya rungume ni yana dariya, ni kuma hawaye suka zo mini, na ce iskar wurin ce.

Masaukinsa ɗaki ne a can ƙololuwar wani bene, shi da wasu ɗalibai, 'yan Damagaram da 'yan Sakkwato da ɗaya ɗan Zariya. Kafin in kai sama na huta sau biyu. Hausarsu ta gauraye da Larabci, kowace magana sai an sa yalla ko halas ko ma'alish. Da na buɗe kwali don in duba abin da ya rage, sai duk suka juyo. Yaran nan wasunsu sun shekara huɗu ba su ga gida ba. Wani ɗan Sakkwato bai roƙa ba, ido kawai ya zuba wa kwalin. Na ce su ɗanɗana. To, ɗanɗanon ɗalibi kun san shi. Da gari ya waye ko takardar da na naɗe naman ba ta da sauran maiƙo.

Kwanakin da na yi a birnin, wake na ci safe da yamma. Su waken nasu babba ne, ana kwana ana dafa shi a tulu, a zuba mai da lemun tsami, a ci da gurasa. Gurasar kuwa a kan wasu faffaɗan tire na sandunan reshen dabino ake yawo da ita, mutum yana kan keke, tiren yana kansa, yana ratsa motoci. Matansu ba sa saukowa cefane, kwando suke zurowa da igiya daga bene, mai kaya ya sa, su ja. Abin da ya fi tsaya mini a rai mahautansu ne. A can mahauci babban mutum ne. Yana zaune a kujera ƙofar shagonsa da tumbi da zobba, masu kwat suna wucewa suna gaishe shi da mu'allim, wato gwanin sana'a. Na tsaya a Wustul Balad, tsakiyar birnin, ina kallon wani, na ce wa Habu lalle an haife ni a inda ba a san darajata ba.

Ranar Litinin muka shiga ƙaramar mota zuwa ƙauyen. Gonaki kore shar, ruwa yana bin kowace kunya, ga wasu baƙaƙen ɓauna na gida da suke kira gamusa suna kwance a magudana. Uban yarinyar, Hag Mitwalli, wato Alhaji a bakinsu, dogon tsoho ne mai ƙaramin ido da ba ya ƙiftawa da wuri. Ya sauke mu a ɗakin baƙi, aka kawo shayi baƙi ƙirin, maƙwabta suka cika tabarmi. A cikinsu akwai kawun yarinyar, wanda tun da muka shiga bai saki fuska ba. Habu ya raɗa mini cewa ɗansa yake so a ba.

Ana cikin gaishe-gaishe aka ce a yi shiru, rediyo zai faɗi yanayi. Wannan al'ada ta ba ni dariya. Mu in muna son sanin gobe sai mu dubi gabas, su kuwa mutum ne yake zaune a birni yana karanta musu. Habu ya fassara mini: mako mai zuwa duk lumui ne, ba zafi ba sanyi, rana mai taushi, sai ɗan abin da suke kira shabbura da safe. Kowa ya ce tamam, alhamdu lillahi. Tsohon ya ce ai haka watan Hatur yake, watan shukar alkama, mafi daɗin kwanakin shekara. Ni ma na gyaɗa kai na ce tamam. Ban tambayi mece ce shabbura ba.

Daga nan aka zo kan sana'a. Ashe Habu ya sha cika musu baki cewa gidanmu muna yin naman da yake wata da watanni bai lalace ba, ba firji, ba a jiƙa shi a gishiri. Hag Mitwalli ya tambaya ko na zo da shi. Na ce na zo da shi, amma hanya ta cinye. Kawun ya yi wata 'yar dariya ya faɗi magana. Habu ya ƙi fassarawa, na matsa masa. Wai cewa ya yi, baƙo yana iya zama sarki a garinsu tunda ba wanda zai je ya duba.

Ku da kuka san ni kun san ba ni da dogon haƙuri. Na ajiye kofin shayi na ce, "Habu, gaya musu a ba ni dabba da rana. In Juma'a ta zo ba su ci abin da ba su taɓa ci ba, mu maƙaryata ne, kada a ba mu ko kaza."

"Yaya, a bar maganar nan," in ji shi.

"Fassara."

Ya fassara. Tsohon ya dube ni har na ji nauyin idon. Sannan ya ce yana da ɗan maraƙin gamusa da yake kiwo, gobe da safe nawa ne. Ranar Juma'a bayan masallaci za a taru a ci, a nan zai ba da amsarsa. Sai a lokacin na gane girman ramin da na haƙa. Dabbar nan ita ce ajiyar gidan, kuma auren yaron da na raina na ɗora a kan bakina.

Talata da sassafe na yanka, na feɗe. Naman ya fi na shanu kauri, amma yana da kyau, ba kitse da yawa. Na zauna zan fara zare shi fale-fale ni kaɗai, sai na ga Habu ya tuɓe rigar malanta, ya naɗe hannu, ya ɗauki wuƙa ta biyu. Da fari hannunsa ya yi nauyi, can sai ya kama, nama yana sauka daga wuƙarsa kamar ana warware rawani. Na yi farin ciki ƙwarai, ko da yake abin da na ce masa shi ne ya rage kauri. Matan gida suna leƙe ta ƙofa. Uwar yarinyar, Ummu Sabir, gajeriya mai ƙarfin murya, ita na ba aikin gyaɗa. Da hannu na nuna mata a soya, a daka, a matse mai, a bar mini tunkuza. Ba mu da yare ɗaya, amma ta gane ni fiye da masu yaren.

Muka hau da naman kan soro muka shimfiɗa a kan karan masara. Rana tana nan a sama, fes, amma ba ta cizo. A Tasawa in na shanya da hantsi, kafin la'asar nama ya yi ƙarau. Nan la'asar ta yi, na taɓa, laushi. Iskar ma jiƙaƙƙiya ce, tana tasowa daga gonakin ruwa. Mutane suna wucewa ta ƙasa suna ɗago mini hannu suna yaba daɗin garin, ni kuwa daɗin nan shi yake kashe ni. Da magariba muka barbaɗa gishiri muka shigar da shi ɗaki.

Laraba da safe na fito, na ga shabbura. Wani farin tururi ne ya sauko ya zauna a kan ƙauyen, ko bangon maƙwabci ba ka gani, rigarka tana jiƙewa a jikinka. Na shiga na shinshina naman. Bai lalace ba, amma ya fara yauƙi a gefe, kuma hancin mahauci ya san abin da ke biyo bayan wannan. Na tambayi Habu yaushe abin nan yake tashi. Ya ce sai hantsi ya yi sosai, kuma mai rediyo ya ce haka za a yi har ƙarshen mako. Bai zarge ni ba. Ya zauna a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai, wannan ya fi mini zagi ciwo.

Na hau soro don kada a ga fuskata. Ina tsaye ina tsine wa lumui a zuci, sai tururin ya ɗan sauka ƙasa da kaina. Can yamma, bayan dabinai, na hango wani dogon tudu ja, rana tana dukansa tarwai, ba ko ɗigon tururi a kansa. Ƙasar nan haka Allah ya yi ta, inda ruwa ya tsaya nan kore yake tsayawa, taki ɗaya ka shiga rairayi. Na ƙwala wa Habu kira.

Da aka tambayi Hag Mitwalli sai ya ɓata rai. Ya ce can maƙabartarsu ce, ba sa binne mutum a ƙasar noma, kuma ba wanda ya taɓa kai abinci ya shanya a gaban iyayensa. Kawun, wanda labari ya riga ya kai masa, ya ce ga shi nan, yanzu kuma matattu za a dama. Aka juya ga Habu tunda shi ne mai karatu. Ya ce a iya saninsa babu hani, muddin ba a taka kabari ba, kuma za mu yi nesa da su. Tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Rana tana tafiya, nama yana jira.

Ummu Sabir ce ta raba gardamar. Ta fito daga cikin gida da tiren gurasa na reshen dabino, ta dire shi a gabana, ta faɗi magana da ƙarfi ba ta dubi kowa ba. Habu ya ce cewa ta yi, duk Alhamis tana kai gurasa maƙabarta sadaka, ba ta taɓa jin uwarta ta yi ƙorafi ba, kuma ita ba za ta zuba ido maraƙin da ta yi wa dusa da hannunta ya zama abincin karnuka ba. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta. Kafin in gama jera nama a tiren farko, tire sun cika tsakar gida. Da na duba su da kyau sai na ga ko ni na ba da aikinsu iyakar abin da za a yi ke nan, iska tana shiga ta ƙasa tana fita ta sama.

Haka muka fita, mata a jere da nama a ka, ni da Habu a gaba da amalanken jaki, muna ratsa tururi. Muna hawa tudun na ji iska ta daki fuskata, busasshiya, irin ta gida. Muka yi wa mutanen kabari sallama da addu'a, muka wuce can gaba, muka ɗora tiren a kan duwatsu. Shirwa suka taru a sama, Habu ya yini yana korarsu da reshen dabino, malami guda yana tsalle a rairayi. Da azahar na ɗaga yanka ɗaya na duba ta rana, haske ya ratso shi. Kafin la'asar yana ƙara in an lanƙwasa. Na zauna a ƙasa na yi wa Allah godiya.

Alhamis na dama labu, haɗin da ake tsoma kilishi, da tunkuzar Ummu Sabir, da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, na tsoma naman, muka sake hawa tudu. Wannan karon ba a nemi kowa ba, mutane da kansu suka biyo mu. Wata doguwar yarinya ta kawo mana ruwa a tulu, ta ajiye kusa da ni, ta ce da Hausa mai tsami, "Sannu da aiki, Yaya." Ashe ita ce Na'ima, kuma kalmomin nan ta jima tana ajiye mini su. Na dubi Habu na ce ashe ba fiƙihu kaɗai yake koyarwa ba. Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Juma'a da safe na hura wuta da totuwar masara a ƙofar gida na fara gashi. Ƙamshi ya shiga cikin tururin nan ya ƙi tashi, ya bi lungu-lungu, har aka ce liman ya taƙaita huɗuba. Ban ji da kunnena ba, amma na ga saurin da aka fito. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kilishi ja wur a kan tire. Ba wanda ya taɓa sai da Hag Mitwalli ya miƙa hannu. Ya karya, ya ji ƙarar, ya sa a baki. Haƙoransa ba su da yawa, ya daɗe yana tauna, barkono ya sa idonsa ruwa. Ya sake karya wani.

Daga nan wuri ya rikice. Masu tari suna tari suna ƙara miƙa hannu, ana neman ruwa ana kiran mu'allim Garba. Kawun ya ce yaji ya yi yawa, amma na ga ya tura wani yanki cikin aljihu. Na bar shi, ranar ba ta faɗa ba ce.

Da aka lafa, tsohon ya sa aka yi shiru, ya ce Habu ya matso ya fassara mini kalma-kalma. Ya ce shi ba nama ne damuwarsa ba. 'Yarsa za ta tafi ƙasar da bai taɓa gani ba, inda in ta yi kuka ba zai ji ba, shi ya sa ya so ya ga abin da mutanen gidan suke yi in abu ya ɓaci a hannunsu.

"Na ga ba ku zauna kuna neman wanda za ku ɗora wa laifi ba," in ji shi. "Na ga malaminku ya tuɓe riga. Na ba ku."

Habu ya fassara har zuwa tuɓe riga, nan ya tsaya. Ban buƙaci sauran ba. Tsohon ya miƙo mini hannunsa yadda yake, da maiƙo da yaji, na kama da nawa, aka ɗaga Fatiha. Ita kam ba ta son tafinta, tare muka karanta, ni da shi da duk ƙauyen. Mata suka ɓarke da guɗa daga cikin gida, irin tamu sak. Ina riƙe da hannun mutumin nan na tuna ubanmu, wanda ya bar mini yaro yana rarrafe ya ce in kula da shi. Na ce a raina, Baba, yau na kai shi gaci.